Mariya 'Yar Sarkin Jojiya: Baƙuwar Da Ta Auri Sarakunan Rum Biyu



Duk wanda ya karanci tarihin daular Saljuƙawa ya san labarin yaƙin Malazgird na shekarar 1071, inda Sultan Alp Arslan ya karya rundunar Rumawa, ya kuma kame sarkinsu Romanos Diyojenis da ransa. Galibi a nan muke rufe littafi. A yau ina so mai karatu ya biyo ni mu leƙa ɗaya ɓangaren, wato fadar birnin Kustantiniyya, domin mu ga matar da wannan yaƙi ya mayar sarauniyar Rum. Sunanta Mariya, kuma ba Barumiya ba ce. Asalinta ne ya kai ta fadar, rashin dangi a cikin fadar kuma shi ya juya sauran rayuwarta.

Asalinta

An haifi Mariya a tsakiyar ƙarni na 11 a ƙasar Jojiya, wadda ke kudu da duwatsun Kafkas, tsakanin Baƙin Teku da Tekun Kasbiyan. Malaman tarihi na Larabawa suna kiran mutanen ƙasar da suna Kurj. Sunanta na yanka Marta; sai da ta shiga gidan sarautar Rum aka sauya shi zuwa Mariya, kamar yadda aka saba yi wa amaren da aka kawo daga waje.

Mahaifinta shi ne Bagrat na Huɗu, wanda ya mulki Jojiya daga 1027 zuwa 1072. Ya fito daga gidan Bagrationi, gidan da ke iƙirarin cewa nasabarsa tana tuƙewa ga Annabi Dawuda, alaihis salam. Wannan iƙirari ya shahara har Sarkin Rum Kustantin na Bakwai ya ambace shi a rubuce-rubucensa tun a ƙarni na 10, ko da yake masana tarihi na wannan zamani suna danganta gidan da Bagratawan Armeniya. Kakan Bagrat na Huɗu, wato Bagrat na Uku, shi ne ya fara haɗa yankunan Jojiya ƙarƙashin kambi guda a 1008. Mahaifiyarsa kuwa, Maryam, 'yar sarkin Basburakan ce ta Armeniya.

Ta wajen uwa, Mariya 'yar Borena ce, 'yar'uwar sarkin Alaniya, ƙasar da ke arewacin duwatsun Kafkas. Su ne Larabawa ke kira Allan, kuma su ne kakannin Osetawan yau. Daga nan laƙabin “Mariya ta Alaniya” ya samo asali, laƙabin da aka fi saninta da shi, duk da cewa ita 'yar sarkin Jojiya ce. Ka ga ke nan jinin gidajen sarauta uku ne ya haɗu a jikinta: na Jojiya, da na Armeniya, da na Alaniya.

Dalilin auren

Alaƙar Jojiya da Rum ba ta soyayya ba ce zalla. Addininsu ɗaya, amma sun sha gwabzawa a kan iyaka. Bagrat da kansa ya yi shekara uku a Kustantiniyya yana ƙaramin yaro, a matsayin jingina, bayan Sarki Basil na Biyu ya ci mahaifinsa da yaƙi. Da ya hau mulki, matarsa ta farko Helena ce, 'yar ɗan'uwan Sarkin Rum Romanos na Uku, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Ita ma Mariya an aika da ita Kustantiniyya tana ƙarama a 1056, domin ta tashi a hannun Sarauniya Tiyodora. Sai dai sarauniyar ta rasu a wannan shekara, aka mayar da yarinyar gida.

Abin da ya sauya lissafi shi ne bayyanar Saljuƙawa. A 1064 Alp Arslan ya ci birnin Ani na Armeniya, ya kuma kai farmaki kudancin Jojiya. Rum da Jojiya suka ga kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa. Wajen shekarar 1065 aka aurar da Mariya ga Mika'ilu Dukas, ɗan Sarki Kustantin na Goma. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin sarakunan Rum ba su cika auro mata daga waje ba. Misalin da aka fi tunawa kafin ita shi ne na 'yar sarkin Khazar, wadda Kustantin na Biyar ya aura a ƙarni na 8.

Bayan Malazgird, dangin Dukas suka tuɓe Romanos, suka miƙa mulki ga Mika'ilu, Mariya ta zama sarauniya. Wajen 1074 ta haifi ɗanta tilo, Kustantin. Amma mulkin mijinta bai yi armashi ba. Yankunan Anadoliya suka riƙa suɓucewa, darajar kuɗi ta faɗi, hatsi ya yi tsada har talakawa suka laƙaba wa sarkin sunan da ke nufin “mai rage rubu'in mudu”. A 1078 wani tsohon kwamanda, Nikiforos Botaniyatis, ya yi tawaye ya shiga birnin. Mika'ilu ya sauka, ya zama rahibi a gidan ibada na Studiyos.

Aure na biyu

A nan ne, ya ɗan'uwa mai karatu, ya kamata mu dakata. Sabon sarkin ya haura shekara saba'in, kuma yana neman mata. Wanda ya ba shi shawarar ya auri Mariya shi ne Yohana Dukas, baffan mijinta na farko. Marubuciyar tarihi Anna Komnene ta ruwaito hujjar da ya kafa: bayan kyawunta da asalinta, ita baƙuwa ce, ba ta da tarin dangi a birnin da za su dami sarki da buƙatu. Duba yadda aka auna ta. 'Yar sarki, jikar sarakuna, amma abin da ya fi ɗaga farashinta shi ne ba ta da kowa a kusa. Shi kuwa Yohana, burinsa shi ne gidan Dukas ya ci gaba da samun ƙafa a fada ta hanyar yaron nan Kustantin.

Auren ya saɓa wa dokar cocinsu, domin Mika'ilu yana raye, har aka tuɓe limamin da ya ɗaura shi. Mariya ta amince ne da fatar ɗanta zai gaji sarauta. Fatar ba ta cika ba: Nikiforos ya karkata ga naɗa wani danginsa mai suna Nikiforos Sinadenos a matsayin magaji.

Akwai wata shaida ta wannan zamani da ta rage har yau. A babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, a Paris, akwai wani rubutaccen littafi mai ɗauke da hoton Mariya tsaye kusa da sarki. Masana sun nuna cewa asali domin Mika'ilu aka zana hoton, daga baya aka gyara shi, aka sa sunan Nikiforos. An sauya sarki, an bar sarauniya a inda take.

Dangin da ta ƙulla wa kanta

Da ta ga ba ta da dangin jini a fada, sai ta nemi wasu. Wata 'yar'uwarta mai suna Irini tana auren Ishaƙu Komnenos, kuma ta wannan ƙofa ta kusanci ƙanensa Aleksiyos, matashin kwamandan da tauraronsa ke haskawa. Ta ɗauke shi ɗa a hukumance, ko da yake tazarar shekarunsu ba ta da yawa. Wannan ya ba shi damar shiga wurinta ba tare da zargi ba, ita kuma tana sanar da 'yan'uwan biyu makircin da ake ƙulla musu. A watan Afrilun 1081 Aleksiyos ya ƙwace birnin, Nikiforos ma ya ƙare a gidan ibada.

Jita-jita ta bazu cewa sabon sarkin zai rabu da matarsa Irini Dukas ya auri Mariya. Amma ita Irini tana da abin da Mariya ba ta da shi, wato dangi masu ƙarfi da suka taimaka wajen juyin mulkin. Suka tsaya kai da fata, aka naɗa 'yarsu sarauniya mako guda bayan naɗin mijinta. Mariya ta bar fada ta koma gidan Mangana.

Da farko Aleksiyos ya cika alkawari. Ya naɗa Kustantin abokin sarauta, ya kuma yi masa baiko da 'yarsa Anna, wadda aka haifa a 1083. Ita ce marubuciyar da muka ambata a baya, kuma a hannun Mariya ta yi ƙuruciyarta, shi ya sa take ambatonta da ƙauna a littafinta. A wannan lokaci gidan Mariya ya zama matattarar malamai. Tiyofilaktos, wanda daga baya ya zama babban limamin Ohrid, shi ne ya karantar da ɗanta. Sai dai a 1087 aka haifa wa Aleksiyos ɗa namiji, Yohana. Ɗan cikinsa ya zo, ɗan wani ya koma gefe. Kustantin ya rasa matsayinsa, ya kuma rasu wajen 1095, bai auri Anna ba. Mariya ta ƙare rayuwarta a gidan ibada. Takardun taron cocin Jojiya na 1103, a zamanin ɗan ɗan'uwanta Sarki Dawuda na Huɗu, sun ambace ta cikin waɗanda aka yi wa addu'a.

Abin lura

Sarki goma, zamani goma. Mariya ta ga faɗuwar mazajenta biyu, ta taimaka wajen ɗora Aleksiyos a kan karaga, kuma a duk wannan abu ɗaya take nema: ɗanta ya gaji sarautar ubansa. Nasabarta ta isa ta buɗe mata ƙofar fadar Rum, amma ba ta isa ta kare mata wannan buri ba, domin danginta suna can bayan duwatsu suna fama da nasu yaƙin. A fadar, dangin da ke kusa su ne ake tsoro, ba sunayen kakanni ba. Gidan Komnenos da ta taimaka wa ya ci gaba da mulki har 1185, nata zurriyar kuwa ta yanke da rasuwar Kustantin.

Idan ka sake karanta labarin Malazgird, ya ɗan'uwa, ka tuna cewa yaƙi ba a fagen fama kaɗai yake ƙarewa ba. Yana shiga gidaje, ya ƙulla aure ya warware wani, ya ɗaga wannan ya sauke wancan.