Kiɗa a Kunne, Littafi a Hannu: Nazari a Kan Tasirin Sauti ga Natsuwar Mai Karatu

Ra'ayin da ya bazu cewa kiɗa yana ƙara kaifin basira ya samo asali ne daga wani gwaji da Frances Rauscher da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature a shekarar 1993, inda ɗalibai 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti 10, sannan suka ɗan fi ƙoƙari a jarrabawar da ke auna iya sarrafa siffofi a zuci. Fifikon nan bai wuce minti 15 ba ya gushe, kuma an saurari kiɗan ne kafin a fara aikin, ba a tsakiyarsa ba, amma duk da haka labarin ya yi ƙarfin da a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 domin raba wa jarirai faifan irin wannan kiɗa. Daga baya, a 2001, William Thompson da abokan bincikensa suka nuna cewa walwala da wartsakewar da kiɗa mai armashi ke kawowa su ne sanadi, ba wani sirri da Mozart ya keɓanta da shi ba.

Tambayar da ta fi shafar ɗalibi ita ce abin da ke faruwa idan sauti yana tashi alhali shi yana karatu. Bisa fasalin da Alan Baddeley da Graham Hitch suka gabatar a 1974, ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiyar wucin gadi, wadda wani sashenta ke riƙe kalmomi ta hanyar nanata su a zuci, kamar yadda mutum ke bitar lambar waya kafin ya sami alƙalami. Maganar da ta shiga kunne tana kutsawa wannan sashe ba tare da izini ba, har ma Colle da Welsh suka gano a 1976 cewa magana cikin harshen da mai sauraro ba ya ji tana rage masa iya riƙe jerin haruffa. A 1989, Salamé da Baddeley sun ƙara da cewa kiɗa mai waƙa ya fi tsurar kiɗa dagula aikin, sai kuma Jones da Macken suka fayyace a 1993 cewa yawan sauyawar sauti shi ne babban abin da ke yin ɓarnar. Wannan ya bayyana dalilin da zai sa ɗalibi ya saba da gurnanin fanka ko ruwan sama a kan kwano har ya mance da su, amma hirar mutum biyu a bakin taga ta sa ya karanta layi ɗaya sau uku.

Son waƙa ma ba kariya ba ne, kuma nan ne ɗalibai suka fi yaudarar kansu, domin Perham da Vizard sun tarar cewa waƙar da mutum ke so da wadda ba ya so duk sun gaza shiru wajen taimakon hadda. Saboda haka abin da ya dace shi ne a ji kiɗan da ake so kafin zama, ko a lokacin aikin da ba ya buƙatar kalmomi, kamar jan layi a zane, a bar hadda da fahimtar nassi ga shiru ko sauti marar sauyi.

Akwai wani ɓangare da ya keɓanci mai jin Hausa. Shawarar da aka saba bayarwa ta a zaɓi kiɗa marar waƙa ta ginu ne a kan zaton cewa kayan kiɗa ba sa magana, alhali kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar karin sautin Hausa, ta yadda wanda ya san take zai ji kirarin yana fitowa kalma bayan kalma ko da maroƙi bai buɗe baki ba. Ga irin wannan mai sauraro, kalangu ya fi kusa da hirar bakin taga a kan gurnanin fanka, kuma wannan hasashe ne da ya cancanci a gwada shi ta hanyar kwatanta ɗaliban da suka san taken da waɗanda ba su san shi ba.