Riƙon FimH da Alƙawarin Sukarin Manos: Sake Duba Wata Hujja

Ra'ayin da ke yawo tsakanin masu rubutu kan cutar mafitsara shi ne cewa tunda baktiriyar E. coli tana manne wa bangon mafitsara ta hanyar kama sukarin manos, to shan wannan sukari zai cika mata hannu, fitsari ya wanke ta, a huta da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tushen maganar ba abin musu ba ne (Ofek, Mirelman da Sharon, 1977), haka ma siffar furotin ɗin FimH da ke bakin zaruruwan jikin baktiriyar (Choudhury da abokansa, 1999). Inda nake ja shi ne tsallen da ake yi daga nan zuwa gadon majinyaci.

Masu wannan ra'ayi sun ɗauka ƙarfin riƙon ɗaya ne a kowane hali. Ba haka yake ba. A 2002 Thomas, Vogel, Sokurenko da abokan aikinsu sun nuna cewa mannewar tana ƙaruwa idan ruwa na gudu yana jan baktiriyar. FimH ɓangare biyu ne: na gaba mai kama manos, da na baya mai haɗa shi da zaren. Idan babu ja, na bayan yana danne na gaban, riƙon ya zama sako-sako, a kama a saki. Da zarar an ja, sai su ɗan rabu, aljihun manos ya rufe gam. Kamar zarge ne a wuyan akuya, iya fizgarta iya matsewarsa. To sukarin da ke narke cikin fitsari babu abin da ke jan sa, saboda haka riƙon da yake samu mai rauni ne, alhali wanda ke like a jikin bango yana samun mai ƙarfi daidai lokacin da ake fatan fitsari ya yi wanki. Binciken Nilsson da abokanta na 2006 ya nuna hakan a ɗakin gwaji: gudun ruwa yana kare baktiriyar da ta manne daga sukarin da aka zuba don ya ɓamɓare ta.

Mai ja da ni zai ce, ai mafitsara ba kogi ba ce. Yawancin yini fitsari kwance yake. Zai ƙara da cewa E. coli masu jawo cutar sau da yawa suna ɗauke da nau'in FimH mai riƙe manos da kyau ko da ruwa a tsaye yake, kamar yadda Sokurenko da kansa ya nuna a 1998. Wannan suka ce mai nauyi, kuma na yarda ta rage ƙarfin hujjata: ba zan iya cewa yanayin riƙon shi kaɗai ne ke kayar da manos a jikin mutum ba. Amma sukar ba ta taɓa matsala ta biyu ba. Aikin ɗakin gwajin Hultgren a St. Louis (1998, 2003) ya nuna a jikin ɓeraye cewa mannewa matakin farko ne kawai. Baktiriyar tana kutsawa cikin ƙwayoyin bangon, ta hayayyafa a dunƙule, inda fitsari da abin da ke cikinsa ba sa kai mata. Ga kuma PapG, wani furotin na baktiriyar wanda ke kama wani sukari daban a ƙoda, manos bai dame shi ba.

Babbar garkuwar mai ja da ni ita ce gwajin Kranjčec na 2014 a Kuroshiya: mata 308, cutar ta dawo wa kusan kashi 15 cikin ɗari na masu shan manos, da kusan kashi 61 na waɗanda ba a ba komai ba. Alƙaluman suna da ban sha'awa, sai dai kowace mace ta san abin da take sha, kuma ba a ba rukunin kwatance maganin bogi ba. A cutar da ake gano ta da koken majinyaciya, wannan gibi ba ƙarami ba ne. Da aka toshe shi a Birtaniya (Hayward da abokanta, 2024), da mata 598 da giram 2 kullum har wata 6, kashi 51 na masu manos sun koma wurin likita da alamun cutar, masu na bogi kusan kashi 56. Ratar ba ta kai a dogara da ita ba. Abin mamaki, har yanzu na 2014 ake yawan ambata.

Saboda haka iƙirarina ya tsaya nan: manos tsura, a wannan awo, bai kare matan da cutar ke yawan dawo musu ba, kuma a ganina tsarin FimH yana cikin dalilan. Ban ce hana mannewa a matsayin dabara ta mutu ba. Sinadaran manosaid da aka ƙera don su riƙe FimH fiye da manos nesa ba kusa ba sun yi aiki a ɓeraye, har sun rage baktiriyar a hanji (Spaulding da abokanta, 2017). Hukunci a kansu sai an gwada su a mutane da irin tsaurin gwajin 2024.