Tsarin Koyarwa na Reggio Emilia

Tsarin Reggio Emilia hanya ce ta koyar da ƙananan yara wadda ta samo asali a birnin Reggio Emilia, arewacin Italiya. A 1945 iyayen ƙauyen Villa Cella suka sayar da tankar yaƙi da dawakan da sojojin Jamus suka bari, suka gina makaranta da kuɗin. Malami Loris Malaguzzi (1920–1994) ya zama jagoran aikin, hukumar birnin kuma ta buɗe makarantarta ta farko a 1963.

Babban ƙarfin tsarin shi ne ɗakin zane mai malami na musamman. A nan yara ke sarrafa yumɓu, waya, fenti da haske, aiki guda kan ci makonni. Malamai na rubuta kalaman yaran, su liƙa a bango kusa da ayyukansu.