Tarihin Bahasin Maniyyi da Ƙwan Mace

Fiye da shekara 2,000 masu ilmi suka yi suna saɓani a kan mas'alar da kowace ungozoma take ganin ƙarshenta ba tare da ta ga farkonta ba, wato yadda ɗa yake samuwa daga uba da uwa. Arastu, shugaban hukaman Yunana, ya tafi a kan cewa siffa da rai daga maniyyin namiji suke, ita kuwa mace jinin haila kaɗai take bayarwa, maniyyi ya daskarar da shi kamar yadda madara take daskarewa ta zama cuku. Jalinus, babban likitan da ya zo bayansa da ƙarni biyar, ya ƙi wannan magana, ya ce kowannensu yana da nasa iri. Da littattafan nan suka koma Larabci, Ibn Sina ya yi ƙoƙarin sulhunta su, Ibn Ƙayyim kuwa, wanda ya rasu a 1350, ya rinjayar da cewa daga ruwa biyu ake halittar ɗa, yana kafa hujja da hadisai da kuma kamannin da yaro yake ɗebowa daga dangin uwarsa.

Amma duk wannan istinbaɗi ne, ido bai gani ba. William Harvey, likitan Sarkin Ingila, ya feɗe bareyin dajin sarki bayan barbara yana neman asalin ɗan tayi, bai sami kome a mahaifa ba. Sai a 1677 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake goge gilasan ƙara girma da hannunsa, ya duba ɗigon maniyyi, ya ga halittu masu kai da wutsiya suna ninkaya, ba su ƙidayuwa. Kuma saboda kunya, da ya rubuta wa majalisar masana ta Landan, ya roƙe su su ɓoye takardar idan sun ga za ta ɓata wa mutane rai.

Da a ce gani yana kashe gardama, da nan ta mutu, amma sai ta ƙara ruruwa. Wasu suka ce cikakken mutum ne ƙanƙani yake naɗe a cikin kan ƙwayar maniyyi, har wani mai suna Hartsoeker ya zana surarsa a 1694. Wasu suka ce a'a, a cikin ƙwan mace yake. Wanda ya fi ba ni mamaki da tausayi shi ne Spallanzani, limamin Kirista a Italiya, wanda ya ɗinka wa mazan kwaɗi 'yan wanduna, ya sake su a kan mata, ya ga ƙwai bai ƙyanƙyashe ba. Ya ɗebi ruwan da ya taru a wandunan ya shafa wa ƙwai, talibambam suka fito. Amma duk da wannan dalili bayyananne da ya fito daga hannunsa, ya mutu yana riƙe da cewa halittun nan masu wutsiya ba su da hannu a cikin al'amarin.

A 1827 wani masani mai suna von Baer ya ga ƙwan mace a jikin wata karya, a 1876 kuma Oscar Hertwig, Bajamushe, ya bayyana yadda cibiyar ƙwayar namiji take haɗuwa da ta ƙwai su zama ɗaya, abin da ya gani a bushiyar teku. Daga nan tahkiki ya tabbatar da cewa a cikin bututun da yake tsakanin gidan ƙwai da mahaifa ake gamuwar. Cikin miliyoyin ƙwayoyin maniyyin da suka taso kaɗan ne suke isa, guda ɗaya ta huda ɓawon ƙwai ta shiga, nan take ɓawon ya sake hali ya hana na baya, sa'an nan zaren gado 23 na uba su haɗu da 23 na uwa, babu wanda ya fi wani.

A cikin na uba ne kuma, da ikon Allah, ake samun wanda yake rarrabe namiji da mace. Wannan ilmi ya daɗe a littattafan makaranta, amma har yau akwai gidaje a ƙasar Hausa da dangin miji suke yi wa mace gori, ko su matsa a yi mata kishiya, don ta jera 'ya'ya mata.