Daga Masu Ɗura wa Tattabaru zuwa Ɗakin Masu Sankara

A birnin Faris, ƙarshen ƙarni na 19, akwai wata sana'a da yanzu ta ɓace: yi wa 'yan shila ɗura domin su yi ƙiba kafin a kai su kasuwa. Mai ɗura yakan cika bakinsa da jiƙaƙƙen gero, ya buɗe bakin tsuntsu ya tura masa, ya ajiye, ya ɗauki wani, haka har yamma. Wasunsu sukan kamu da tari mai jini, a ce tarin fuka ne. A 1890 likitoci uku, Dieulafoy da Chantemesse da Widal, suka danganta ciwon da wata funfuna da ke tsirowa a huhu. Ita ce Aspergillus fumigatus, wadda Fresenius ya raɗa wa suna a 1863 bayan ya gan ta a huhun tsuntsaye.

Masu ɗurar nan da ƙarfinsu suke, shi ya sa ciwon ke bin su a hankali. Lamarin ya sauya bayan 1948, lokacin da Sidney Farber ya nuna a Boston cewa magani na iya danne sankarar jini a jikin yara. Babbar nasara ce, amma irin waɗannan magunguna suna kashe har da fararen ƙwayoyin jini, masu gadin huhu. Funfunar da kowa ke shaƙa kullum ba ta yi masa komai ba, sai ta tarar da ƙofa a buɗe, ta huda jijiyoyin jini, ta kwantar da mutum cikin 'yan kwanaki.

An samo maganin funfuna Amphotericin B a 1955 daga ƙasar bakin kogin Orinoco a Venezuela. Yana ceton rai, sai dai yana sa rawar ɗari, yana kuma taɓa ƙoda. Voriconazole ya zo a 2002 da sauƙi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan funfuna cikin mafiya haɗari.

Ni da nake jinyar masu sankara, wannan tarihi ne ya sa nake mayar da furanni da tukunyar shuka daga bakin ƙofa, nake rufe taga idan ana rusa gini a kusa. 'Yan dubiya kan ji haushi, nakan ba su haƙuri. Mutumin da ya jure wahalar maganin sankara bai kamata ƙurar da za mu iya tarewa ta raba shi da iyalinsa ba.