Sega Ɗaya, Hoto Iri-iri

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Babban Giji, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Tarauni a shekarun 1990, da wuya a ce bai taɓa leƙa gidan gem ba. Ɗan shago ne ko zaure, da benci biyu ko uku, da talabijin a kan teburi, sai wata baƙar na'ura da kowa ke kira Sega. Amma idan aka tambayi mutum uku daga cikin yaran wancan zamani yadda hoton Sonic yake, ba lallai ne amsarsu ta zo ɗaya ba. Wani zai ce hoton tar yake, shuɗinsa kamar an wanke. Wani zai ce dishi-dishi ne, da wasu siraran layuka a tsaitsaye. Wani kuwa zai rantse cewa baƙi da fari ya fara ganinsa. Babu wanda mantuwa ta kama a cikinsu. Kowa abin da idonsa ya gani ya faɗa, domin abin da ake kira Sega a Kano ba na'ura ɗaya ba ce.

Riga ɗaya, ciki daban

Sunanta na asali Mega Drive. Kamfanin Sega ya fitar da ita a Japan ranar 29 ga Oktoba, 1988. Ta isa Amurka a watan Agustan 1989 da sunan Genesis, ta shiga Turai a 1990, kuma an sayar da kimanin miliyan 30 a duniya. Siffarta ta waje uku ce aka fi sani. Ta farko mai faɗi ce, da wurin soka abin sauraro na kunne da ɗan maɓallin ƙara murya a gaba. Ta biyu ta fito a 1993, ƙarama kuma mai kusurwa huɗu. Ta uku ita ce wadda kamfanin Majesco ya fitar a Amurka a 1998 da izinin Sega.

Wannan a ido ke nan. A ciki kuwa, allon lantarkin da masu gyara ke kira fanel ya canza fiye da sau goma. Kowane sabon zubi yana ɗauke da lambarsa a rubuce: daga VA0 zuwa VA7 a siffa ta farko, daga VA0 zuwa VA4 a ta biyu. Babban dalilin canjin shi ne rage kuɗin ƙira. Sega na cikin gasar farashi da Nintendo, saboda haka ta riƙa haɗe ƙwayoyin lantarki da yawa su zama ɗaya, tana kuma sayen kaya a wurin duk wanda ya yi sauƙi. Mai saye ba ya ganin wannan a jikin kwali.

Ƙwayar da ta fi shafar hoto ƙarama ce, irin wadda masu gyara ke kira aisi. Na'urar tana zana hotonta da launuka uku a rarrabe, wato ja da kore da shuɗi. Talabijin na gida kuwa yawanci ba shi da ƙofar karɓar su a haka, sai an cakuɗa launi da haske a zuba su cikin waya ɗaya. Aikin wannan aisi ke nan, kamar tafinta tsakanin na'ura da talabijin. Kuma kamar yadda tafinta ya fi tafinta, haka su ma.

Siffa ta farko ta dogara ne da CXA1145 na kamfanin Sony. Launinsa mai kyau ne, sai dai yakan haifar da wani zane kamar bakan gizo a inda hoto ke da ƙananan ɗigogi a jere. A siffa ta biyu aka shigo da wasu: MB3514 na Fujitsu, da KA2195D na Samsung, daga baya kuma CXA1645 na Sony. Masu tara tsofaffin na'urori sun daɗe da yin ittifaƙi cewa na Samsung ɗin ya fi kowanne dishi-dishi, shi kuwa CXA1645 ya fi kowanne fitar da gefen abubuwa sarai. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, ana iya samun allo biyu masu lamba ɗaya amma aisinsu daban. Ke nan masu gidan gem biyu a layi ɗaya za su iya sayen Sega iri ɗaya, a shago ɗaya, a rana ɗaya, amma yaran unguwa su tabbatar cewa ta wane ta fi ta wane haske. Ba son kai ba ne, gaskiya ce da ke ɓoye a ƙarƙashin murfi.

Siraran layukan nan ma suna da asali. A wasu allunan, hanyar da ke ɗauke da siginar launi ta ratsa kusa da ta shuɗi, sai ta riƙa yi mata katsalandan. Sauti ma bai tsira ba: VA7, wadda ke sanye da rigar siffa ta farko amma cikinta ya fi kama da na ta biyu, ta yi ƙaurin suna wajen murya mai shaƙewa.

Hanyar da ta biyo zuwa Kano

Bambancin masana'anta kashi ɗaya ne kawai na labarin. Kashi na biyu shi ne ƙasar da aka ƙera na'urar dominta. A lokacin duniya ta rabu uku a tsarin talabijin. Amurka da Japan suna kan NTSC, mai layi 525 da sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Yawancin Turai da Najeriya suna kan PAL, mai layi 625 da sabuntawa sau 50. Faransa da ƙasashen da ta raina, ciki har da Nijar, suna kan SECAM.

Kano kuwa ba ta ƙofa ɗaya kaya ke shigo mata ba. Bayan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabon kayan lantarki ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai kasuwar gwanjo ta buɗe. Kaya na zuwa ta Legas da kasuwar Alaba, na zuwa ta Kwatano, na zuwa a jakar 'yan kasuwar Dubai da Hong Kong, na zuwa a tsarabar alhazai, su haɗu a shagunan Sabon Gari. A irin wannan kasuwa, na'urar da aka yi wa yaron Osaka da wadda aka yi wa yaron Manchester suna iya zama a kanta ɗaya.

Kowacce da halinta. Idan aka haɗa Sega ta Amurka ko ta Japan da talabijin mai fahimtar PAL kaɗai, launi ɓacewa yake, domin tsarin biyu ba a zango ɗaya suke ɗora launi ba. Hoto ya koma baƙi da fari, wani lokaci ma ya riƙa birgima sama. Wanda ya tuna Sonic ba kala, ga dalilinsa. Ita kuwa ta Turai tana kawo launi daidai, amma da tsada iri biyu. Yawancin wasannin an tsara su ne a kan sau 60, don haka a kan 50 gudunsu yana raguwa da kimanin kashi 17 cikin 100, har kiɗan Sonic na farko ma yana jan ƙafa. Sannan layi 224 da wasan ke zanawa ba sa cika fuskar talabijin na PAL, sai baƙin gefe ya bayyana sama da ƙasa, mutanen ciki su ɗan gajarce. Yaron da ya ƙware a Mortal Kombat a kan na'urar Turai, in ya je gidan da ake da ta Amurka, zai ji kamar hannunsa ya yi nauyi. Hannunsa na nan yadda yake, wasan ne ya ƙara sauri.

Ta Faransa ta fi su duka kafiya. Tun 1980 aka wajabta wa talabijin ɗin da ake sayarwa a can ya zo da wata ƙofa mai haƙora 21 da ake kira SCART, wadda ke karɓar launukan uku a rarrabe. Saboda haka Sega ta Faransa ta wannan ƙofa aka tsara ta fitar da hoto. Shi ne mafi tsabtar hoton da na'urar ke iya bayarwa, amma ga talabijin marar wannan ƙofa ba shi da amfani.

Sai kuma jabu. An yi na'urori masu rigar Sega ta biyu, irin su Terminator, waɗanda cikinsu kwaikwayon tsohuwar Famicom ce ta Nintendo, mai ƙarancin launi da ƙarfi. Yaro da yawa ya taso yana cewa gidansu akwai Sega, alhali bai taɓa taɓa ta ba.

Waya, wuta da idon Bakano

Ko na'ura ta dace da talabijin, akwai sauran tafiya. Tsofaffin akwatuna ƙofar eriya kaɗai gare su, don haka dole na'urar ta mayar da kanta ƙaramar tashar talabijin, a nemo ta kamar yadda ake nemo NTA ko CTV. Wannan ita ce hanya mafi muni, mai yayyafi a fuska da shuu a lasifika. Wayar bidiyo mai kai rawaya ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma yaɗuwarta na da alaƙa da wani tarihin na Kano. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, finafinan Hausa na kaset suka bunƙasa, na'urar bidiyo ta shiga gidaje, talabijin mai ƙofar bidiyo ya zama abin nema. Gidajen gem sun ci gajiyar hanyar da fim ya share.

Wuta ma ta sa hannu. Adaftar Japan volt 100 take ɗauka, ta Amurka 120, a Najeriya kuwa 230 ne. Wanda ya soka ta a bango ba taransifomar rage wuta, hayaƙi zai gani. Daga nan sai a nemo wata adaftar mai araha, wadda ba ta tace wuta da kyau, sai inuwa ta riƙa hawa da sauka a fuskar talabijin. A ƙara da wutar NEPA mai rawa da ta janareta.

Me ya sa ba a cika ƙorafi ba? Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 yadda kwafar kaset daga kaset a Ƙofar Wambai ta sa mai kallo ya saba da hoto mai dusashewa da murya mai kwarmato. Idon da ya ga finafinan Indiya a kwafi na huɗu ko na biyar ba zai raina hoton Sega ba, ko da na aisin da ya fi kowanne rauni ne.

Dishi-dishin da aka yi da niyya

A nan ne labarin ya juya. Za a zaci cewa hoto mafi tsabta shi ne na gaskiya, saura kuma lalacewa ce. Ba haka abin yake ba. Launuka 512 kaɗai Mega Drive ke da su, kuma kimanin 61 take iya nunawa a lokaci guda, alhali Super Nintendo na zaɓa daga 32,768 kuma tana iya nuna abu mai shara-shara. Masu zanen wasannin Sega sai suka yi dabara: su jera ɗigogi ko siraran layuka na launi biyu, ɗaya bayan ɗaya, da sanin cewa wayar bidiyo da gilashin talabijin za su narkar da su su zama launi na uku. Ruwan da ke kwararowa daga dutse a matakin farko na Sonic, na 1991, layuka ne a tsaitsaye. Hasken fitilun mashaya a Streets of Rage 2, na 1992, ɗigogi ne. A tsohon talabijin suna zama ruwa da haske da ake hango abin da ke bayansu. A filasma ta yau, ko a wayar hannu, suna fitowa tsirara kamar zanen tabarma.

Ke nan raunin waya yana cikin lissafin mai zane. Yaron Tarauni da ke kallo ta wayar rawaya ya fi kusa da abin da aka nufa a wannan fanni fiye da mai kallo a babban allon zamani. Shi ya sa na'urorin da aka fitar a 2019, Mega Drive Mini ta Sega da Mega Sg ta kamfanin Analogue, suka zo da zaɓin kwaikwayon tsohon hoto. An kashe kuɗi don dawo da abin da a da ake ɗauka aibi ne.

Abin da ke tafiya a buhun 'yan gwangwan

PlayStation ta fito a Japan a 1994, ta biyu ta biyo baya a 2000, kuma ƙwallon ƙafarsu ta kori Sega daga gidajen gem. Yau a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, wayar da ta fi kowace araha tana iya ɗaukar ɗaruruwan wasannin Sega. Wasannin ba su ɓace ba. Abin da ke ɓacewa shi ne yadda aka gan su.

Wannan hoto ba a cikin kaset yake zaune ba. Yana samuwa ne idan wani allo, da wani aisi, da wata waya, da talabijin mai ƙaton baya suka haɗu. Kowannensu na ƙarewa. Kafasitocin da ke cikin na'urar suna bushewa da shekaru, zafin Kano na watan Afrilu kuma yana gaggauta musu. Tsofaffin akwatunan talabijin suna tafiya wurin 'yan gwangwan, a fasa a cire tagulla a auna a sikeli. Masu gyaran da suka san cikinsu suna tsufa, yaransu sun koma gyaran waya.

Wanda ke da irin wannan na'ura a ƙarƙashin gado yana riƙe da wata shaida. Takardar da ke manne a ƙasanta tana faɗin ƙasar da aka yi ta dominta. Idan ta nuna farin rubutun lasisin Sega a kan baƙar fuska kafin wasa ya fara, ba ta cikin zubin farko-farko. Lambar VA da sunan aisi suna nan a kan allo ga wanda ya kwance murfi. Da waɗannan alamu ake karanta hanyar da kaya suka bi zuwa Kano a shekarun da naira ta faɗi, kamar yadda ake karanta hanyar fatake daga ɗinkin tsohuwar riga. Kafin a miƙa ta ga mai sikeli, ya kamata a duba.