Abin da ya kamata a sani game da RAM kafin sayen laftof

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da malaman makaranta a Jangebe, Bakura da Maradun, da dama sukan sayo laftof tokumbo daga Gusau ko titin Beirut na Kano. Idan aka yi zaɓen tumun dare, komawa canji na nufin ƙarin kuɗin mota da kasadar hanya.

RAM ita ce ƙwaƙwalwar da ke riƙe aikin da ake cikin yi, kuma tana gogewa da zarar an kashe na'urar. Daban take da rumbun ajiyar fayiloli.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 na buƙatar aƙalla gigabait 4, sai dai da wannan adadin kwamfutar kan yi nauyi. Gigabait 8 ya wadatar wa rubutu da intanet, amma mai zanen injiniya da AutoCAD gara ya nemi 16.

Babbar tambaya ita ce ko za a iya ƙarawa daga baya. A wasu siraran kwamfutoci, har da MacBook na zamani, an manne RAM a jikin allo, ba ta ciruwa. Haka kuma DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna.

Kafin biyan kuɗi, mai saye ya buɗe Task Manager a gaban mai shago. Nan zai ga girman RAM da adadin guraben da aka cike. Gurbi ɗaya da ya rage na iya ƙara wa na'urar shekarun aiki.